Karkataccen Harafi: Yadda Mawaƙa da 'Yan Fada Ke Rubuta Sunayensu, Daga Ingila Zuwa Ƙasar Arewa

Duk wanda ya ratsa unguwannin Dogon Dutsi, ko ya hau kabu-kabu ya nufi Matankari, idonsa ba zai rasa rubutu a jikin bango ba. Wani da gawayi aka yi shi, wani da ragowar fentin ƙofa, wani kuma an samu mai hannu ya zana shi tsaf har da tauraro a gefe. Sunayen fada ne, wuraren da samari ke shimfiɗa tabarma bayan isha'i, a hura wutar shayi, a kunna waƙa a waya. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake rubuta sunayen. Inda Turanci ke son s a ƙarshen kalma sai ka ga z. Inda Faransanci ke son c sai ka ga k. Wani wurin lamba ce ta kutsa tsakiyar kalma ta cinye gaɓa guda. Malamin lakwal da ya zo wucewa zai girgiza kai ya ce yaran yanzu ba su iya rubutu ba, kuma wani lokacin da gaskiyarsa. Amma sau da yawa mai rubutun ya san daidai ɗin, kauce masa ya yi da gangan. Ɗabi'ar kuwa tana da dogon tarihi wanda ya faro nesa da wannan ƙasa ta Arewa da ke Nijar.

Masu kiɗan jitar lantarki na Ingila da Amurka, wato 'yan rok, su ne suka mayar da karkatar da harafi tambarin sana'a. Samarin Liverpool da duniya ta sani da The Beatles sunan wani ƙwaro suka ɗauka a 1960, suka canza masa harafi ɗaya don kalmar da ke nufin bugun kiɗa ta bayyana a cikinsa. The Byrds suka biyo baya a 1964, The Monkees a 1966, kowa ya ɗauki sunan tsuntsu ko na dabba ya murɗa shi kaɗan. Da aka shiga zamanin kiɗan nan mai ƙara da nauyi da ake ce wa hebi metal, sai abin ya zama kamar farilla.

Dalilan ba iri ɗaya ba ne. Led Zeppelin, da aka kafa a Landan a 1968, matsalar furuci suka magance. Kalmar lead a Turanci tana da karatu biyu, ɗaya darma, ɗaya ja-gora. Su darma suke nufi, sai suka cire harafin a don kada a karanta musu ɗaya ma'anar. A nan ɓata rubutun ne ya ceci furucin. Def Leppard na garin Sheffield, a 1977, asalin sunansu kurman damisa ne, suka gurgunta kalmomin biyu don kada a ɗauke su cikin wani rukunin makaɗa da ba nasu ba. Lynyrd Skynyrd na jihar Florida kuwa zambo suka yi wa wani malamin motsa jiki mai suna Leonard Skinner da ya matsa wa ɗalibai kan tara gashi: suka ɗauki sunansa suka birkita wasulansa. Tun daga nan aka fara ganin abin da wasan ke jawowa, domin faifansu na farko a 1973 sai da suka sa masa taken da ke koya wa mai saye yadda zai furta sunan.

Akwai kuma masu ɗigo biyu a kan wasali, irin su Blue Öyster Cult, da Motörhead da aka kafa a 1975, da Mötley Crüe na Los Angeles a 1981. A Jamusanci ɗigon nan biyu aiki suke yi, suna canza sautin wasali. Su kuwa waɗannan makaɗa ado suka ɗauke su. Jagoran Motörhead, Lemmy, bai ɓoye ba cewa ya sa su ne don sunan ya yi kwarjini da ban tsoro. Da Mötley Crüe suka je wasa Jamus, 'yan kallo suka riƙa kiran sunan yadda aka rubuta shi, wato da wani sauti dabam da wanda masu sunan suka sani. Megadeth, a 1983, kalmar masana yaƙin nukiliya suka ɗauka, mai nufin mutuwar mutum miliyan ɗaya, suka cire mata harafi guda ta zama tasu su kaɗai.

Da intanet ta zo sai ta ƙara wani dalili, na ciniki tsagwaronsa. Linkin Park sun so sunan wani lambun shaƙatawa, Lincoln Park, amma adireshin intanet mai wannan suna ya fi ƙarfin aljihunsu, sai suka sake rubutun suka samu nasu. Chvrches na Glasgow, a 2011, sun sa v a madadin u don kada mai neman waƙarsu ya riƙa cin karo da majami'u. The Weeknd na Kanada ya yar da harafin e ne saboda akwai wasu makaɗa da suka riga shi amfani da sunan.

Duk bambancin dalilan, abu ɗaya ya haɗa su. Masu sauraronsu sun yi karatu a cikin harshen da aka murɗa, kowa ya san daidai ɗin, shi ya sa karkatar ke bugun ido nan take. Kamar karin hula ne: sai wanda ya san yadda ake zaunar da ita daidai yake gane wanda ya karya tasa don ƙwalisa. Inda ƙa'idar ba ta zauna a kan mutane ba, karkataccen harafi ba ya isar da saƙon da aka aike shi. Wannan ne ya sa lamarin ƙasar Arewa ya bambanta da na Sheffield.

Ba ta hanyar rok ɗabi'ar ta iso mana ba. Waƙar rap ce ta kawo ta, daga baƙaƙen fatar Amurka da na unguwannin bayan garin Faris, sannan daga Legas. A shekarar 2000 Plantashun Boiz suka fitar da faifansu na farko, kalmomin sunan duka biyu a murɗe. A cikinsu akwai 2Face, wanda ya koma 2Baba a 2016. Sai Styl-Plus, da 9ice, har zuwa mawaƙin da ya bar sunan Buju a 2022 ya koma BNXN, ana rubuta baƙaƙe huɗu babu wasali, ana karantawa Benson. Arewacin Najeriya ma bai zauna ba: Ziriums a Kano ya gina sunansa daga Nazir, Feezy na Kaduna daga Abdulhafiz, ga ClassiQ da babban Q a ƙarshe, ga Deezell, ga Kheengz wanda sarakuna yake nufi. Waɗannan duka suna cikin wayoyin samarin Matankari, domin iyakar jihar Kabi ba ta da nisa, kuma Arawa suna zaune a ɓangarorinta biyu, har da ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa. Waƙa ba ta tsayawa a shingen kwastan.

A Nijar kanta rap ya yi ƙarfi daga shekarun 1990, kuma sunayen ƙungiyoyinsa su ne suka fi nuna sarƙaƙiyar da nake magana a kai. Akwai Kaidan Gaskia, da Wassika wadda ta haɗe da Wongari suka zama Wass-Wong, da MTS Matassa, da Haské Klan. Bahaushen Kano da ya ga Wassika da Matassa zai ce an ninka s don gayu. Ba haka ba ne. A ƙa'idar Faransanci, s guda tsakanin wasula biyu z ake karanta ta, don haka wanda ya yi lakwal a Yamai, idan yana son a ce wasiƙa ko matasa, dole ya ninka. Biyayya ya yi wa ƙa'ida, sai dai ƙa'idar wani harshe ce. A Haské Klan kuwa kalma ta farko haske ce cikin rigar Faransanci, ta biyu ce aka murɗa da gangan, aka sa k inda ƙamus ke da c. Suna ɗaya, kalmomi biyu, dalilai biyu mabambanta. Kuma wani wurin Haskey za ka ga an rubuta.

Saboda haka abin da ido ke gani a bangon Dogon Dutsi ya fito ne daga tushe uku da suka cakuɗe. Na farko gadon mulkin mallaka. Matankari ita ce tsohon mazaunin Sarkin Arewa kafin Faransawa su mayar da cibiyar mulki Dogon Dutsi a farkon ƙarni na 20, kuma tun lokacin alƙalamin Bafaranshe ne ke rubuta sunayen garuruwa da na mutane: Dogondoutchi, Lougou, Maouri, Oumarou, Aïchatou. Yaron da ya tashi yana ganin ou a madadin u, da tch a madadin c, a allon hanya da takardar haihuwa da katin zaɓe, a wurinsa wannan ne daidai. Akwai ma wani abu da ya kamata a yi wa wannan rubutu adalci a kai. A bakin Ba'are, kamar sauran masu karin harshen yamma, ts da ke gaban i tana komawa wani sauti mai kama da c mai ƙarfi. Ba dutse yake cewa ba irin na Kano, abin da yake faɗa ya fi kusa da dutci. Wato Doutchi ɗin da Bafaranshe ya rubuta ya kama wani abu na bakin masu garin wanda daidaitacciyar Hausa ta bari a baya. Haka fada ɗin ma, hwada ake ce mata a can. Duk wanda zai zo gyaran rubutu a ƙasar Arewa ya san da wannan kafin ya ɗaga jan biro.

Tushe na biyu waya ce. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, ba su cikin maɓallan ƙananan wayoyin da suka fara shigowa ƙauyuka. Ko a wayar da ke da su, akwai asara: saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ guda ta shiga, tsarin yakan sauya, saƙon ya koma ɗaukar 70 kacal, kuɗin ya ninka. Talaka ya yi lissafinsa ya yar da lanƙwasa. Wasu suka nemi mafita da q, suna rubuta qauna da qasa, kuma wannan ba shirme ba ne, domin duk wanda ya yi makarantar allo ya san harafin ƙaf na ajami wanda ake mayarwa q a rubutun boko. Wayoyin yanzu suna da allon rubutun Hausa cikakke, amma hannu ya riga ya saba.

Na uku shi ne na gangan ɗin, wanda ya yi kama da na 'yan rok. Shi ne x a madadin z, a rubuta xan xo, Zahra ta koma Xahra. Shi ne ninka wasali irin na Turanci, Amina ta zama Ameenah, Sadiƙ ya zama Sadeeq, Fatima ta fara da ph. Shi ne z ɗin ƙarshen sunan fada. Wannan kam ado ne, mai yin sa ya sani, abokansa sun sani.

Me ya sa saurayi ke buƙatar wannan ado? A ganina amsar tana cikin abin da fada take. Fadodi sun yaɗu a Nijar tun shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya ƙafe, makarantu suka yi ta yajin aiki, masu takardar shaida suka cika gari ba abin yi. Masaniyar nan Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta wallafa littafi sukutum a 2019 a kan fada da zaman jiran da samari ke yi a cikinta, har ta tsaya a kan rubuce-rubucen bangon. Saurayin da ba shi da gona tasa, ba shi da ɗaki nasa, aure ya gagara saboda tsadar kaya, damina ta wuce ya rasa kuɗin motar tafiya cirani Legas ko Kwatano, abin da ya mallaka a duniya bai wuce wayarsa da sunansa ba. Sunan yanka kuwa ba shi ya zaɓa ba, kuma a unguwa ɗaya akwai masu irinsa goma. Idan ya murɗa harafi ɗaya, ya samu abin da babu mai shi sai shi. Ban ga abin raini a nan ba.

Kuma Bahaushe bai taɓa zama baƙon wannan buƙata ba. Ɗan kokowa da ɗan dambe da mafarauci kowa yana da laƙabi da kirari. Manyan mawaƙanmu da sunan da sana'a ta ba su aka san su: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Jankiɗi, Shata, Ɗan Maraya, Ɗan Anace, da Ɗan Gurmu na Tawa wanda har Nijar ta sa wa gasar mawaƙanta sunansa. Bambancin shi ne waɗancan sunaye a kunne suke rayuwa. Maroƙi ne ke ɗaga su a fili, 'yan amshi su karɓa, babu wanda ya damu da yadda za a rubuta. Yau kuwa mutum yakan fara ganin sunan mawaƙi a fuskar waya kafin ya ji muryarsa. Kirarin ya tashi daga kunne ya koma ido, shi ya sa ake yi wa harafi kwalliyar da a da ake yi wa murya.

Amfanin abin a fili yake idan an dace. Mahamadou Souleymane, Ba'abzinen da ke kaɗa jita da hannun hagu, ya taƙaita sunansa zuwa Mdou Moctar. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008 da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irinsu ya fitar da su a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds, bayan ya sha wahalar gano masu su. Yau Mdou Moctar yana cikin makaɗan rok da duniya ke ji da su, kamfanin Matador ne ya fitar masa da Afrique Victime a 2021. Haruffa huɗun nan, Mdou, babu mai su sai shi. Da Mahamadou ya bari, da ya nutse cikin dubban masu sunan. Haka Bombino na Agadas, wanda laƙabinsa ya fito daga kalmar Italiyanci bambino, wato ƙaramin yaro, saboda shi ne auta a ƙungiyar da ya fara. Wasali ɗaya ya sauya, sunan ya zama nasa, kuma da shi ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar kyautar Grammy, da faifansa Deran na 2018. Abin lura, su biyun sun tsaya a kan rubutu ɗaya ba su ƙara taɓa shi ba.

A nan ne ƙananan mawaƙanmu ke yin asara. Ka tsaya a rumfar mai cajin waya a kasuwar ƙauye, inda ake tura waƙoƙi a memori. Kwamfutarsa cike take da manyan jakunkuna, yaro ya miƙo katinsa da 'yan kuɗinsa ya ce a cika masa da sababbi. Mai rumfar shi ke sa wa kowace waƙa suna yadda kunnensa ya ji kuma yadda lakwal ta koya masa. Waƙa ɗaya za ta bar rumfar da suna ɗaya, ta bi ta manhajar Xender zuwa waya goma, ta isa Birnin Kabi wani ya sake mata rubutu irin na Najeriya. Idan shi kansa mawaƙin yau ya rubuta sunansa da é, gobe da ey, jibi ya ƙara z, to ya taimaka wajen wargaza kansa. Ranar da ya ɗora waƙoƙinsa a YouTube ko Audiomack ko Boomplay, masu neman sa za su rarrabu gida uku, ƙididdigar masu sauraro ta rarrabu, ɗan abin da zai shigo ma ya rarrabu. Hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar, BNDA, da takarda take aiki, kuma takarda rubutu ɗaya ta sani. Injin bincike ba ya jin karin harshe, baƙaƙe yake ƙirgawa. Ko magabata ba su tsira ba: mai neman waƙoƙin Ɗanƙwairo sai ya gwada rubutun a haɗe da a rabe, da lanƙwasa da babu, kafin ya tattaro abin da ke akwai.

Asara ta biyu ta fi damuna, domin ta harshen ce baki ɗaya. Turanci ya ɗauki wasan Def Leppard bai ji komai ba, saboda bayansa akwai makarantu da jaridu da ƙamusoshi na ɗaruruwan shekaru. Rubutun bokon Hausa kuwa yaro ne. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Haruffa masu lanƙwasa sun zauna a shekarun 1930. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. An yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijar da na Najeriya, gwamnatin Nijar kuma ta fitar da dokar ƙa'idar rubutun Hausa a 1999. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram tun 1973, amma ba su taɓa zama ruwan dare ba. A ƙasar da manya masu iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, yawancin masu rubuta Hausa ba a aji suka koya ba. A waya suka koya, daga abokai, daga sunayen mawaƙa, daga abin da ke ƙarƙashin bidiyo. Wanda ya fara yin x a madadin z ya san wasa yake yi. Ƙanensa da ya buɗe ido ya tarar da ita, a wurinsa haka ake rubutawa. Cikin tsara ɗaya ado ya rikiɗe ya zama ƙa'ida ba tare da kowa ya yanke shawara ba.

Yar da lanƙwasa kuwa ya wuce batun kyan gani, yana taɓa ma'ana. Ƙafa da kafa ba ɗaya ba ne, haka ɓata da bata, ƙare da kare, ɗaka da daka. Mai harshen yakan gane daga zancen, amma sai ya tsaya ya sake karantawa, kuma mai koyo ba shi da wannan madogara. Akwai kuma wahalar da ke biyo mutum har ofis: yarinyar da ta saba rubuta sunanta da ee da h a ƙarshe ta cika takardar jarrabawa haka, alhali takardar haihuwarta na ɗauke da wani rubutun, katin bankinta da wani. Wanda ya taɓa bin layin gyaran suna ya san kwanakin da harafi ɗaya ke ci. Ga Ba'aren da ke da dangi a ɓangarorin iyaka biyu, Oumarou a nan Umaru a can, wannan tsohon ciwo ne tun kafin a ƙara masa na gayu.

Duk da haka ba na tare da masu cewa a tsawata wa samari. Ba a taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yadda ake rubuta ta yau ba, kuma waɗannan yaran ne ke rubutawa, a WhatsApp da TikTok da Facebook, dare da rana. Wanda ke wasa da harafi yana ƙaunar harafin ne. Laifin yana wuyan waɗanda suka bar shi shekaru sittin da 'yancin kai ba su koya masa rubuta harshen uwarsa ba, sannan suka dawo suna masa dariya. Abin da nake roƙon mawaƙi da ɗan fada shi ne kaɗan: ya murɗa sunansa yadda ya ga dama, amma ya zaɓi rubutu ɗaya ya riƙe, kuma ya bar adon a kan sunan, kada ya kwarara cikin taken waƙa da baitocinta da yake rubutawa a ƙarƙashin bidiyo, inda ƙanana ke koyo.

Wani abu kuma yana ba ni takaici. Makaɗan Ingila da Amurka sai da suka je aron ɗigo biyu daga Jamusawa don sunansu ya fita dabam. Mu muna da haruffan da ƙalilan ne daga harsunan duniya ke da irinsu, masu ƙugiya a ka, waɗanda duk baƙon da ya gani sai ya tsaya ya sake kallo. Muna da ajami da kakanni suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta waƙa da shi. Saurayin da ke neman tambarin da babu mai irinsa, ga shi a cikin gidansu, amma ya tsallake ya ɗauko z da x da kowane yaro daga Legas zuwa Landan ke amfani da su. Mawaƙin da ya fara kafa ƙ ko ɗ ƙatuwa a tsakiyar sunansa, ya buga ta a riga da hula, zai samu abin da Lemmy ya nema, kuma shi nasa harafin aiki yake yi.

Lokacin ma ya dace. A watan Maris na 2025 sabon kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Idan maganar ta sauka daga takarda, za a sake rubuta allunan hanya da na ofisoshi, za a buƙaci littattafai, kuma makarantun horon malamai irin ta Doso za su fitar da masu koyar da rubutun Hausa ga yaran da suka riga suka saba da na waya. Malamin da aka tura Matankari zai tarar da aji mai rubutu iri uku, ga kuma karin harshen garin wanda dokar 1999 da littattafan Zariya ba su faye ɗauka ba. Masu tsara manhaja a Yamai sai sun yanke masa hukunci tun kafin ya shiga ajin: yaron da ya rubuta hwada ko dutci yadda uwarsa ke faɗa, za a ci shi gyara ne daidai da wanda ya rubuta xan xo, ko kuwa za a nuna masa cewa nasa karin harshe ne mai asali, sannan a koya masa rubutun da Bahaushen Kumasi da na Kano za su karanta ba tare da tuntuɓe ba.